Waƙoƙin tsufan sha'iri: wane kwafi za a buga?

Waƙoƙin da sha'iri ya yi a ƙarshen rayuwarsa su suka fi ba mai tattarawa wahala. Na ƙuruciya galibi ya gan su a buge, ya gyara abin da zai gyara. Na tsufa kuwa a warwatse ake tarar da su: wani kwafi a littafin rubutu na 'yan makaranta, wani a hannun almajirin da aka yi wa shifta, wani a kaset yana rerawa. Dubi Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, wanda ya rasu a 1990. Makaho ne, saboda haka duk abin da ke kan takarda hannun wani ne ya rubuta shi, da kunnensa da karin harshensa.

Kafin komai, a ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya, a sa lamba da fensir, ba biro ba. Kada a manna salatif a inda ya yage, domin yakan ci tawada. A ba kowane kwafi harafinsa, A, B, C, a jera baitoci gefe da gefe. Nan za a ga inda aka sauya kalma, inda baiti ya ƙaura, da inda aka soke ɗango.

Gano wanda ya riga wani shi ne aikin. Masu ajami da yawa kan rufe waƙa da ramzi, wato shekarar Hijira cikin haruffa, kowane harafi da adadin da yake tsaya wa. A nan mutane ke tuntuɓe: malamanmu lissafin Magariba suke bi, inda shinun ke tsayawa 1000, sinun 300, sadun 60. A lissafin Gabas kuwa shinun 300 ne, gainun ne 1000. Wanda ya ɗauko jadawalin Gabas daga intanet zai fito da shekarar da ba ta yi kama da hankali ba. Kuma a lura, wani mai kwafa kan ƙara ranar da shi ya gama kwafa, ba ranar da aka yi waƙar ba.

Sai juyawa zuwa boko. Ajami yana nuna dogon wasali da alif da wawu da ya, boko ba ya nunawa, alhali karin waƙa a kan tsawon gaɓa yake tafiya. Rufu'a ɗaya kuma kan ɗauki u da o. Don haka duk baitin da aka juya a rera shi da baki. In ya yi ɗingishi, ko amsa-amo ya karye, galibi laifin mai juyawa ne, ko da yake tsoho ma kan bar ɗango bai ƙarasa gyara shi ba. Kaset na taimakawa, amma mai rerawa kan ja wasali ko ya maimaita ɗango don numfashi.

Bugun baya ma ba a yarda da shi ido rufe. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a 1939, ta buga waƙoƙi da yawa, daga baya hukumar adabi ta NORLA da kamfanin buga littattafai na NNPC a Zariya suka fitar da su a littattafai, kuma jarida kan datse baitoci in fili ya ƙare. Mai aiki a Kaduna yana da sa'a, ga Gidan Arewa ga Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, inda zai nemi tsofaffin takardu ya gwada da nasa. A kula da tahamisi kuma: in baiti mai ɗango biyu ya koma biyar, wataƙila ukun na wani sha'iri ne.

Abin da na fi ƙi shi ne a tsinci baiti mai daɗi daga A, wani daga C, a haɗa waƙar da mai ita bai taɓa yi ba. A zaɓi kwafi ɗaya, wanda hujja ta nuna shi ne na ƙarshe da ya amince da shi, a buga shi yadda yake, sauran bambance-bambancen a jera su a ƙasan shafi da harafin kwafin da suka fito.