Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Inda Kuɗin Cefane Ke Zurarewa

'Yan uwa masu bibiyar wannan labari, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya na taɓo maganar tara ɗan abu daga kuɗin cefane, sai aka yi ta tambaya: ta ina rara za ta fito, alhali tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi? Yau zan ɗan jingine labarin, mu yi maganar rumbu da tukunya.

Awon kullum shi ke cinye kuɗin gida a Kano. Mai awon unguwa daga kasuwar hatsi ta Dawanau ya saro, ya ɗora kuɗin mota da na dako da ribarsa, kuma duk ke kike biya. Don haka ki fara da sanin cin gidanki. Ki yi mako guda kina auna abin da ke shiga tukunya. Babban buhun masara ko gero kwano 40 ne, gidan da ke tuƙa rabin kwano a rana zai yi kwana 80 da shi. Da wannan lissafin za ki zauna da maigida, a saya da kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba, kafin tsadar damina. In kuɗin buhu bai samu ba, ku haɗa da maƙwabciya ku raba. A sayi na ci kawai, domin akwai shekarar da farashi ba ya tashi yadda ake zato.

Wurin ajiya ne mutane da yawa ke asara, kuma abin yana ba ni takaici. Hatsin da bai gama bushewa ba fumfuna yake yi. Ki ciji ƙwaya ɗaya: in ta fashe ƙaras, ta bushe, in haƙori ya nutse, a sake shanyawa. Wake kuwa ƙwaro ba ya raga masa. A zuba shi a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, a matse iska, a ɗaure kowanne daban. Rashin iska ke kashe ƙwaron, shi ya sa huda ɗaya ta ɓera ko yawan buɗewa ke ɓata aikin. Jarka mai tsabta da aka cika maƙil aka rufe ruf ita ma tana yi. A ɗora a kan katako, kada ya jingina da bango. Don Allah a guji jefa ƙwayar maganin hatsi a ɗakin da ake kwana, hayaƙinta guba ne.

Kayan miya su ma da lokacinsu. Daga Janairu zuwa Maris tumatirin noman rani na Kadawa da Kura yakan cika kasuwar 'Yankaba, ya yi araha. Ki sayi kwando, ki zaɓi masu tauri, ki yanka, ki shanya a kan tabarma mai tsabta nesa da ƙura, ki riƙa juyawa har ya zama kauda. Wanda ya fara ruɓewa kada ya shiga, zai ja sauran. Tattasai da attaruhu da kuɓewa haka. Ranar da damina ta sa tumatir ya gagari talaka, miyarki ba za ta canja ba.

Rarar da aka samu kuwa kada ta kwana a jaka, domin anko da gudummawar biki suna nan suna jira. Ki cire ta tun ranar da kuɗi ya shigo. Adashi yana taimakawa in zubin bai fi ƙarfinki ba kuma kin san uwar adashin sosai. Ki nemi kwasarki ta faɗo daidai kaka, ko watan Satumba na kuɗin makaranta. Wadda ta ci bashi don ta yi zubi, ramin kura ta faɗa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.