Ƙusa ɗaya da ta ci mini kwana biyu

Ina da ɗan shagon buga takardu a Zango, ba nisa da kasuwar Dole. Wata safiya na kunna kwamfuta sai na tarar komai ya kumbura. Haruffa ƙatti-ƙatti, hoton katin shaida na wani bawan Allah kuwa fuskar ta baje kamar waina. Allona ɗigon hoto 1366 a 768 (faɗi da tsayi) yake ɗauka, amma da na shiga wurin saita shi, 1024 a 768 ne iyakar abin da Windows ta ba ni.

Nan take na ɗora laifin kan manhajar da ke tuƙa katin hoto, wato ɓangaren injin da ke tura hoto zuwa allo. Na sayi data ta jika biyu, na sauke sabuwa, na goge tsohuwar, na sake kunnawa. Shiru kake ji. Washegari na leƙa msconfig, wurin saita yadda Windows ke tashi, don akwai wani ɗan akwati can da ke tilasta ƙaramin hoto in an yi masa alama. Babu alama. Har na fara shawarar goge Windows ɗin gaba ɗaya.

Ɗan ƙanwata da ke taya ni aiki ne ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kawu, ran nan da nake shara wayar nan mai shuɗin kai ta fice, na tura ta da ƙarfi."

Na zare ta na kai bakin ƙofa wurin haske. Wayar VGA ce, mai haɗa allo da inji, ƙusoshi 15 gare ta, layi uku, biyar-biyar. Ta biyu a layin ƙasa, wato ta 12, ta kwanta a gefe.

Ashe duk lokacin da inji ya tashi, allo ne ke gaya masa girmansa. Bayanin nan EDID ake kiransa, ta ƙusa ta 12 da ta 15 yake bi. Launuka hanyarsu daban, ƙusoshi uku na farko, shi ya sa hoto bai ɗauke ba, abin da ya ruɗe ni ke nan. Injin bai ji daga allo ba, sai ya zaɓi girman da kowane allo zai iya ɗauka.

Da bakin allura na miƙe ta a hankali, ina tsoron ta karye. Na mayar, na ɗaure ƙusoshin murɗawa na gefe guda biyu da ban taɓa kula da su ba, na kunna allo kafin inji. Fuskar bawan Allah ta dawo daidai.

Yaron har yanzu yana shara, amma bayan tebur ni nake sharewa da kaina.