Ranar da Hajiya ta gan shi da goyo

An kusa wata biyu ke nan, amma maganar ta ƙi barin raina. Wata Talata ce a cikin Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa a Upsala, ƙasar Suwidin, tun ƙarfe uku ba ta yi ba. Na dawo daga jami'a a gajiye, na tarar da maigidan yana wanke-wanke, yarinya tana barci a bayansa, ya goya ta da zanen atamfata. Sai ga kiran bidiyo daga Funtuwa. Hannunsa duk kumfa, don haka ni na ɗauka, na gaida Hajiya, mahaifiyarsa, na juya mata wayar don ta ga jikarta. Wallahi ban kawo komai a raina ba.

Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Wane ne wancan da goyo?"

Na ce, "Shi ne, Hajiya."

"To ke kuma aikin me kike yi a gidan?"

Kafin in haɗa amsa ta ce ashe abin da ake faɗa gaskiya ne, an kai mata yaro ƙasar Turawa an mayar da shi mijin ta ce. Ta kashe wayar. Kafin gari ya waye magana ta zaga dangi, har wata ƙanwarsa ta turo min saƙo wai in ji tsoron Allah.

Abin da ya fi min ciwo, ba wanda ya tambayi yadda aka yi. A nan Suwidin, idan aka haifi yaro, iyayensa suna da kwana 480 na hutun reno da gwamnati ke biya, kuma kwana 90 daga ciki na uba ne shi kaɗai, ba ya iya ba uwa. In bai ɗauka ba sun tafi ke nan. Tun 1974 suka buɗe wa maza wannan ƙofa. Ni na zauna wata takwas a gida, karatun digirina na uku yana jirana, sai muka zauna muka yi shawara, shi ya karɓi yarinya na koma bakin aiki. Ban tilasta shi ba, ban kai sunansa wurin kowa ba. A wurin aikinsu ma ba wanda ya ɗaga kai, cewa kawai suka yi ya tafi pappaledig, wato hutun reno na uba, kamar yadda za a ce wane ya tafi masallaci. Da safe yakan tura keken jarirai cikin dusar ƙanƙara zuwa wurin wasan yara, ya tarar da maza irinsa zaune a ƙasa suna waƙa da jarirai.

Ina alfahari da shi, kuma ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya taso a gidan da namiji ba ya leƙa madafa, yau ya san bambancin kukan yunwa da kukan barci. Ranar na so in ce wa Hajiya, ai da aka tambayi Nana A'isha abin da Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa. Hadisin yana cikin Buhari, a Islamiyya aka karantar da mu. Amma wace suruka ce za ta ja wa uwar miji hadisi? Na haɗiye.

Wata abokiyar aikina da na ba labarin ta fusata, ta ce wannan danniya ce, in tsaya wa 'yancina. Ita ma ba ta gane ba. Hajiya ba muguwa ba ce. Ita ta sayar da shanunta biyu aka biya masa kuɗin makaranta. Abin da ta gani a wayar nan ɗanta ne a wulaƙance, don a duniyar da ta sani namiji ba ya goyo sai in ba mata a gidan. Kuma gaskiya ne, babu mata a gidan. Nan ne inda nake kuka.

Da a gida na haihu, da goyon ciki zan tafi wurin Umma. Da an dafa min ruwan wanka safe da yamma har arba'in, a dama min kunun kanwa, a gasa min nama da yaji, ranar suna gida ya cika har a rasa wurin taka ƙafa. A nan kwana biyu aka sallame mu daga asibiti, muka shigo gida mu uku. Shi ya ɗora ruwan, shi ya koyi dama kunun ta waya, Umma tana gaya masa yawan kanwar da zai saka. Ba ta taɓa ce masa komai a kai ba sai Allah ya yi albarka. Tun Yulin 2024 doka ta yarda uwa da uba kowannensu ya ba wani, ko kaka ce, har kwana 45 daga hutunsa, sai ka ga tsofaffi suna tura jikoki a titi. Duk na gansu sai in tuna Umma, kakar yarinyar ta wajena, tana Bakori.

Umma ta haifi tara, bakwai suka rayu. Ban taɓa ganin ta zauna ta ci abinci da zafinsa ba. Tana da goyo take daka, tana da goyo take soya ƙosan da muke kaiwa talla, kuma da kuɗin ƙosan nan aka saya min fom ɗin jarrabawa. Ƙanwata da ke koyarwa a wata makarantar kuɗi ana gama arba'in ta koma aji, don an gaya mata akwai masu jiran gurbinta. Jaririn yana wurin Umma, mai shekara sittin da ciwon gwiwa. Jiya da na kira na gan shi a bayanta, tana tsaye tana tankaɗe. Na ce, "Umma, ki sauke shi mana ki huta." Ta ce in ta sauke shi kuka yake yi, ta tambaye ni ko Hajiya ta huce, ta ce in ci gaba da kiranta ina gaisuwa ko ba ta ɗauka ba. Gobe Juma'a zan sake gwadawa.