Tarihin Rayuwata, Kashi na 12: Doka ta Takwas da Gindin Mudu

'Yan'uwa masu bin wannan tarihi, barkanmu da sake saduwa. Makon jiya mun tsaya a bakin ƙofar ajin baftisma, inda ake fara haddar Dokoki Goma. Yau labarin kaina zai ɗan huta, domin darasin aji ne ya cika wannan zango na rayuwata, kuma darasin da ya fi ba masu koyo wuya yana cikin mafi gajarta: kada ka yi sata.

Tun 1932, da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa ta hannun Likita Miller da abokan aikinsa, ake karanta dokokin nan da harshenmu daga Wusasa har Sabon Gari. Wuri biyu suke, Fitowa 20 da Maimaitawar Shari'a 5. Sai dai mai koyarwa ya kula da ƙirga. A wurin Angalikan da ECWA da Baptis, hana sata doka ce ta takwas, a wurin Katolika kuwa ta bakwai ce, don sun haɗa biyun farko sun raba ta ƙyashi gida biyu. Yaron da ya sauya majami'a in ya ce "ta bakwai", ba kuskure ya yi ba.

Ba a rasa mai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai yanzu muna ƙarƙashin alherin Allah, ba ƙarƙashin doka ba." Gaskiya ne, ba kiyaye doka ke ceton mutum ba. Amma Manzo Bulus da ya fi kowa wa'azin alheri shi ne ya rubuta a wasiƙarsa ga Afisawa, 4:28, cewa ɓarawo ya daina sata, ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci.

Wahalar ita ce kowa a aji yana ganin ɓarawo shi ne mai haura katanga da dare. Sai an sauko da maganar kasuwa tukuna ajin ke yin tsit. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami. Wanda ya taɓa awo ya san su: mudu mai faɗi na saye a hannun manomi, da wani na sayarwa wanda aka bubbuga gindinsa ya lotsa ciki, daga waje ba ka ganin komai sai ka kife shi. Haka kwandon tumatir, manya jajaye a sama, lagwaɓaɓɓu a ƙasa. Littafin Firistoci 19:13 ya ce kada ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka. Birkila da lebura da suka wuni a rana aka ce musu "ku dawo jibi", da 'yar aiki da aka riƙe wa kuɗin wata uku da sunan ana tara mata, duk ayar ta shafe su. Kuɗin da wani ya turo asusunka bisa kuskure kuwa tsintuwa ne, kuma Firistoci 6 ya sa wanda ya tsinci abu ya yi musu a layi ɗaya da mai ƙwace.

Inda aka fi yin sakaci shi ne mayarwa. Tuba a baki ba ta da wuya, hannu a aljihu ne aiki. Ƙa'idar tana Firistoci 6:5 da Littafin Ƙidaya 5:7: a furta laifin, a mayar da abin cif, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Wanda ya ci naira 50,000 zai kai 60,000, wanda ya tauye mudu 10 zai auna 12. Zakka mai karɓar haraji na Yariko ya wuce nan, ya yi alkawarin ninki huɗu a Luka 19:8. Ikkilisiya ba kotu ba ce da za ta tilasta lissafin, amma ni dai ina ganin mai tuban gaske bai kamata ya gaza wa na Firistoci ba.

Ga yadda ake bi. Mutum ya fara zama shi kaɗai ya rubuta abin da ya ci da sunan mai shi, don abin da ba a rubuta ba kullum raguwa yake yi a zuciya. In an daɗe, kada a lissafa da kuɗin wancan lokaci. Wanda ya danne kuɗin buhun masara biyu shekara goma da suka wuce, buhu biyu ake binsa a farashin yau, ba 'yan canjin da ko tiya biyar ba za su saya ba. Daga nan ya nemi fasto ko dattijon ikkilisiya ɗaya mai riƙe sirri ya raka shi. Zuwa shi kaɗai yakan ƙare da cacar baki, ko daga baya a ce ba a karɓi komai ba. Zuwa da ayari kuma tonon silili ne. In kuɗin ba za su samu a tashi ɗaya ba, a kai kashin farko a hannu ranar, a rubuta ranakun sauran a gaban shaida. Wanda ya je da baki kawai, mai haƙƙi zai ɗauka wata sabuwar dabara ce.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba kuɗin a baiko a ce an ba Allah. Yesu ya rufe wannan ƙofa a Matiyu 5:23-24: ka bar baikonka a gaban bagade, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Kuɗin mai shi ne, Kirista ne ko Musulmi, kuma a Zariya sau da yawa maƙwabci Musulmi ne mai haƙƙin. In ya rasu, magadansa za a nema. Sai an rasa dangi gaba ɗaya ne Ƙidaya 5:8 ta ce a kai wa Ubangiji. Masu awo da ba za su iya tuna fuskokin waɗanda suka tauye ba, abin da dattawa kan ba su shawara shi ne su fasa lotsattsen mudun, su kiyasta abin da suka ci, su riƙa yin gyara mai kauri ga masu saye har ya cika.

Wani kuskuren kuma daga wajen dattawa yake: a tsayar da mai tuba gaban jama'a ranar Lahadi kan abin da mutum biyu kawai suka sani. Na baya da ke shirin fitowa, da ya ga haka sai ya haɗiye tasa.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu shiga doka ta tara, shaidar zur, da saƙonnin WhatsApp da ake turawa gaba ba a bincika ba.