Ƙafa biyu na ƙasa da katangar Baba Alhaji

Duk yaron da ya zo mini a kasuwar Mile 12 ta Legas yana washe baki wai ya sayi fili a Ikorodu ko Ayobo, kafin in ce masa Allah ya sanya alheri sai na tambaye shi: ka ga duwatsun iyakarka huɗu da idonka? Yawancinsu sai su yi turus. Wani ya ce ai an nuna masa iyaka, wani ya zaro rasit daga aljihu. Ni ma rasit ɗin na riƙe a 2009, kuma ni ma nuna mini aka yi da yatsa.

Rabin fuloti na saya a bayan Agege, ta wajen hanyar Abule Egba, a kan wata gangara. Cikakken fuloti a Legas ƙafa 60 ne da 120, ba hamsin da ɗarin da muka saba ji a gida ba, don haka nawa sittin da sittin ne, a baki dai. Ɗan gidan masu filin, irin waɗanda ake kira omo onile, shi ya zagaya da ni. Ya ce daga wannan bishiyar peregun zuwa waccan katangar duk naka ne. Yarabawa suna dasa peregun a kan iyaka kamar yadda muke dasa gamba tsakanin gonaki, sai hankalina ya kwanta, na ga abin da na sani. Ya ba ni rasit da kwafin wata tsohuwar takardar safiyo, wato ta awon fili, ta filin danginsu baki ɗaya, wadda ko inuwar fulotina babu a cikinta.

Wani abokina mai sayar da albasa ya ce in kira safiyo mai lasisi ya auna, ya kafa mini duwatsun nan na kankare masu lamba a kowace kusurwa, a kai takardar ofishin babban safiyo na jiha da ke Alausa a duba ko filin ba ya cikin wanda gwamnati ta riga ta karɓe. Ya tuna mini cewa tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni a hannun gwamna take, kuma ciniki bai cika ba sai da amincewarsa a rubuce. Na ji kuɗin safiyo, na lissafa buhun siminti nawa za su saya mini, na ce a bari sai na huta.

Amma ba rowa kaɗai ta hana ni ba. Maƙwabcina na ɓangaren ƙasa dattijo ne Basakkwace, dillalin shanu a mayankar Oko-Oba, kowa Baba Alhaji yake ce masa. Ranar da na fara zuwa ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka dama fura, ya ce, "Ɗana, ka zo gida. Duk abin da kake buƙata na ruwa ko wurin ajiye siminti, ƙofata a buɗe take." To da wane ido zan dawo washegari da mutum mai tef yana auna masa katanga? Sai in ga kamar na ce masa ɓarawo. Mu 'yan arewa a Ikko muna da wannan ciwon: idan maƙwabci Bayarabe ne ko Ibo muna bin komai a rubuce, idan namu ne sai mu ce ai amana ce.

Magini ya zo ya ja igiya daga katangar Baba Alhaji, tunda ita aka ce iyaka. Da yake filin gangare ne, sai ya ce a yi ciko a daidaita tsakar gida. Tifa ta yi ta sauke jan ƙasa har cikon ya kai ƙirjin mutum a ɓangaren ƙasa, duk ya jingina da katangar dattijon. Na ji daɗi, na ce Allah ya hutar da ni kuɗin katanga guda. A kusurwar na gina banɗaki, na shafe tsakar gida da siminti, indararon kwano kuma duk ya fuskanci can.

Ku tsaya a nan, ƙannena, don nan ne na fi yin wauta. Katangar shinge daban, katangar tare ƙasa daban, ko da a ido kamanninsu ɗaya. Ta shinge nauyin kanta kawai take ɗauka, sai ɗan iska. Ta Baba Alhaji bulo ne mai inci shida, babu ginshiƙi, babu rodi, an yi ta ne don a suturta mata. Ni kuwa na ɗora mata aikin riƙe tudu. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya tana kusan tan biyu, kuma ba ƙasa kawai take dannawa ba, gefe take turawa. Idan ruwa ya shiga cikon bai sami mafita ba, sai ya taru a bayan katangar ya ƙara nasa turin. Damina a nan ba irin ta Katsina ba ce. Tun Afrilu ake farawa, Yuni da Yuli ƙasa ba ta bushewa, a ɗan sarara a Agusta, Satumba a dawo.

Katangar ba ta faɗi babu sallama ba. A damina ta farko ta yi tsaga, ta ɗan yi ciki zuwa gidan Baba. Matarsa ta gaya wa matata, matata ta gaya mini, na aika lebura ya shafe tsagar da siminti. Ban ko taka na je na gani ta ɓangarensu ba.

Ranar Lahadi, 10 ga Yulin 2011, wanda yake Legas a lokacin ba zai manta ruwan da aka wuni ana yi ba. Bayan la'asar muka ji wata ƙara kamar tirela ta sauke kaya. Fiye da rabin katangar ta kife cikin gidan Baba Alhaji, ƙasata ta bi ta, ta danne madafarsu da garken tumaki. Tunkiya biyu suka mutu. A gindin katangar nan jikokinsa suke wasa kullum, ruwan ne ya kore su ɗaki a ranar. Har yau idan na tuna wannan sai abinci ya fita raina.

Abin da ya kamata in yi a daren nan a bayyane yake: in cire takalmi, in shiga in durƙusa gaban dattijo, in yi jaje, in ce gobe zan kawo ma'aikata. Maimakon haka sai na tsaya a kan tudun ina lissafin asarata. Babban ɗansa ya fito rai a ɓace ya ce ƙasarka ce ta kashe mana dabbobi. Na ce katangarku ce ruɓaɓɓiya, ku kuka gina ta ba ni ba. Magana ta yi zafi, ya ɗauki shebur ya fara watso ƙasar cikin gidana, ya fasa mini bututun banɗaki. Da safe na tafi caji ofis.

Kada ku yi wannan. An kira yaron, ya zauna a benci tun hantsi har la'asar, daga baya jami'in ya ce maganar iyaka ba tasu ba ce, mu je mu sasanta ko mu nufi kotu. Ban sami komai ba, amma unguwa gaba ɗaya ta ji cewa na kai ɗan mutumin da ya ba ni fura wurin 'yan sanda. A masallaci sai na ga sahu yana ɗan buɗewa a gefena. Mata suka daina aika wa juna kwano. Yara, waɗanda tare suke zuwa islamiyya, aka raba musu hanya.

Liman da sarkin Hausawan unguwarmu suka kira zama, Baale, mai unguwar Yarabawa, ma ya aiko wakili tunda danginsa suka san asalin filayen. Ni na dage a kawo safiyo, don a raina na tabbata katangar ta shigo mini. Ya zo da na'urarsa da takardar Baba Alhaji, wadda shi tun da ya sayi filinsa ya yi ta yadda ya kamata. Ya bi lambobin, ya sa aka haƙa, sai ga dutsen iyaka a ƙarƙashin kusurwar banɗakina. Ashe dattijon da zai gina katangarsa ya ja ta baya ƙafa biyu cikin nasa filin, ya bar wa ruwan gangara hanya. Wannan hanyar ruwan ce na cike da ƙasa, na kuma ɗora banɗaki a kai.

Liman ya juya ya ce, "Alhaji, ba ka san da wannan ba?" Ya ce, "Na sani, Malam. Tun ranar da magininsa ya ja igiya na gani. Na ce baƙo ne, ɗa ne, kada in tarbe shi da rigimar ƙafa biyu." Ni na ji kunyar auna masa katanga, shi ya ji kunyar ce mini na wuce iyaka, kunyar mu biyu ta haɗu ta kusa binne yara. Liman bai yi dogon wa'azi ba. Ya karanto hadisin da ke cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya har ƙassai bakwai, da wanda ya la'anci mai canza alamar iyaka, sannan ya dube ni ya yi shiru.

Na biya tumaki, na gyara madafa, na rushe banɗakin da hannuna. Sabuwar katangar injiniya ya zana ta, ba magini ba, kuma gaba ɗayanta cikin filina take: fandisho mai faɗi da ya shiga ƙarƙashin cikon don nauyin ƙasar ya riƙe shi, kankare da rodi maimakon bulo zalla, tsakuwa a bayanta don ruwa ya tsiyaye, da gajerun bututun roba a jere kusa da gindinta inda ruwan zai fita ya faɗa kwatar da muka yi a ƙafa biyun nan. Indararo kuma na juya shi titi. Abin da na kashe ya ninka kuɗin safiyon da na ƙi biya fiye da sau goma, ban da kwanakin da rumfata ta yi a rufe.

Mun rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu da shaidu: katanga tawa ce, kwata tasa ce, yashe ta a kaina yake. Lauyan da ya rubuta mana ya ce a dokar Legas wanda aka shiga wa fili ya yi shiru har shekara 12 yana iya rasa damar kai ƙara, ashe haƙurin Baba ma da ya daɗe da ya cuci 'ya'yansa. Shi ya gaya mini kuma ma'aikatar shari'a ta jihar tana da cibiyar sasanta jama'a inda ake zaunar da maƙwabta kyauta, ba sai an je kotu an shekara ana ɗage zama ba.

Wasu za su ce ai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a katangarsa. Gaskiya ne, kuma ku bar maƙwabci ya jingina rumfarsa. Amma ku rubuta cewa aro ne. Ku biyun da kuka yi amana ba ku za ku dawwama ba, magada ne za su zo, ko a sayar da gidan ga wanda zai rushe shi ya ɗora bene, shi kuwa lambar dutse kawai ya sani. Idan za a auna, ka je da kanka ka gayyaci maƙwabcin, ka ce Baba zo ka tsaya mini kada in shiga haƙƙinka. Da na faɗi wannan jimlar a 2009, da dattijon ya kama hannuna ya nuna mini dutsen kafin tifar farko ta iso.

Baba Alhaji ya yafe mini tun a wurin zaman, kuma da ya rasu ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Ɗansa ne yanzu a gidan. Muna gaisawa, da babbar sallah nama yana shiga yana fita, amma bai sake zama a tabarmata ba tun ranar bencin nan. Duk ƙarshen Maris nakan yi sallama a ƙofarsu da guntun rodi a hannu, ya buɗe mini, in bi bututun ɗaya bayan ɗaya ina zaƙulo ƙasa da ledar fiya wata, shi yana tsaye daga nesa yana kallo.