Yadda ake hana ƙwayoyin halitta kashe kansu a tankin haɗa magani

Yawancin magungunan antibodi (wato furotin irin wanda garkuwar jiki ke yaƙar cuta da shi) da ake yi wa masu ciwon kansa allurarsu ba a haɗa su kamar yadda ake haɗa fanadol. Ƙwayoyin halitta masu rai ne ke ƙera su a cikin tanki, kuma mafi yawa zuriyar ƙwayoyin da wani masani Theodore Puck ya ciro ne a 1957 daga ma'ajiyar ƙwan wata 'yar dabba mai kama da ɓera ta ƙasar Chaina, wato hamsta, su ake kira CHO. Trastuzumab na kansar mama da rituximab na kansar jini duk daga nan suke fitowa.

To ga inda gizo ke saƙa. Ana zuba ƙwayoyin nan a tanki, wani ma ya kai lita dubu goma ko fiye, a riƙe zafinsa a digiri 37, ana ba su gulukos da sauran abinci kaɗan-kaɗan, kusan sati biyu ake yi kafin a sauke. Kwanakin farko lafiya lau, sai yaɗuwa suke. Amma da an yi nisa sai kashinsu ya fara taruwa, laktet da amoniya, ruwan ya yi kauri, abinci ya ja baya, ga farfela na ta juya su, sai kawai su fara mutuwa, kuma ba wai yunwa ce ke kayar da su kai tsaye ba, a'a su ne ke kashe kansu da kansu, a tsare. Wannan shi ne afoftosis, sunan da masana uku, Kerr da Wyllie da Currie, suka raɗa masa a 1972.

Wanda ya taɓa leƙa maikuroskof a irin wannan lokaci ya san abin da nake nufi. Ka ɗebo ɗigo ɗaya ka gauraya da wani rini shuɗi, masu rai su ƙi shan rinin suna ta ƙyalli zagaye tsaf, matattun kuwa su yi shuɗi, wasu sun motse, wasu sun farfashe sun zama ɓurɓushi. Kullum shuɗin ƙaruwa yake. Wallahi abin na sosa rai, don daidai lokacin da suka fi zuba magani ne suke tafiya.

Kuma asarar ba ta tsaya a yawan magani ba. Ƙwaya in ta fashe tana zubar da kayan cikinta, har da sinadaran da ke yanka furotin da masu ɓantare sukarin da ke jikin antibodin, ka ga inganci ya taɓu, aikin tacewa ya ƙaru.

Yadda mutuwar ke tafiya kuwa, akwai furotin biyu, Bax da Bak, su ke huda maitokondiriya, wato sashen da ke samar wa ƙwaya kuzari, wani furotin mai suna saitokurom c ya kwararo, shi kuma ya tada sinadaran kasfes-9 da kasfes-3 masu daddatsa ƙwayar daga ciki. Sai masana suka bi ta hanya biyu: ko a ƙara wa ƙwayar furotin masu tsare ƙofa, masu hana wannan huji, irin su Bcl-2 da Bcl-xL, ko a cire Bax da Bak gaba ɗaya daga kayan gadonta. Abin da ya fi ba ni mamaki, Bcl-2 ɗin nan a kansar jini aka gano shi, shi ke hana muguwar ƙwaya mutuwa, har akwai magani venetoclax da aka yi don toshe shi. Ga shi nan a tanki ana nemansa ruwa a jallo.

Sai dai fa ni ban yarda da masu ɗaukar abin kamar an gama magana ba. Tsawon rai daban, aiki daban. Ana samun ƙwayar da ta daɗe amma abin da take fitarwa bai taka kara ya karya ba, wani lokacin ma Bcl-2 na rage mata saurin yaɗuwa. Shi ya sa har yanzu ba a raba wannan dabara da kula da abinci da rage zafin tanki zuwa wajen digiri 32 ko 33 in sun gama yawaita.

Dalilin da ya sa na damu shi ne kuɗi. Mata da yawa a wajenmu likita na rubuta musu trastuzumab, su fara su kasa ƙarasawa saboda tsada. Na san ba tanki kaɗai ke yanke farashi ba, akwai haƙƙin mallaka da canjin dala da kuɗin shigo da kaya, amma kamfanin da zai yi kwatankwacinsa mai rahusa dole kowace lita ta ba shi magani mai yawa kuma mai kyau.