Gwajin harda da ƙuri'ar ƙwarya

Talata, Maradi

Yau muka yi gwajin hardar kalmomi da yaran aji guda a wata lakkwal ta unguwar Ali Ɗan Sofo. Abin da muke nema mu sani ɗaya ne: wanda ya karanta da ƙarfi da wanda ya karanta a zuci, wa ya fi riƙewa?

Direkta, don ya sauƙaƙa mana, ya ce a gwada rabi da safe, rabi bayan azahar. Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mana haƙuri, sai dai lokaci guda." Yaron da ya zauna ƙarƙashin kwano ƙarfe uku na rana, in ya manta kalmomi, ta ina za mu gane karatun zuci ne ya gaza ko zafi ne ya cinye shi? Ya yarda, ya ba mu ɗakuna biyu masu kallon gabas ɗaya.

Rabon yaran shi ya fi ɗaukar mini hankali. Mushensu, wato malamin ajin, ya so ya zaɓa da kansa, na roƙe shi ya bari. Akwai waɗanda suka daɗe a makarantar allo, bakinsu ya saba da maimaitawa da ƙarfi tun suna ƙanana. In suka taru a rukuni guda, allo muka auna kenan. Sai muka ware su gefe, muka raba su biyu da ƙuri'a a cikin ƙwarya, sannan sauran ma haka.

Kalmomi 20, minti 2, duk da Hausa, don Faransanci zai fifita waɗanda ake yi wa shi a gida. Umarni kuwa daga takarda muka karanta, ba ƙari ba ragi.

Takardun amsa lamba ce a kansu, babu suna, kuma abokiyar aikina da ba ta shiga ɗakunan ba ita za ta duba. A 1963 wasu masana halayyar ɗan Adam, Rosenthal da Fode, sun ba ɗalibai ɓeraye a Amurka, suka ce waɗannan masu basira ne, waɗancan daƙiƙai, alhali kara-zube aka raba su. "Masu basirar" suka fi yin ƙoƙari, saboda zaton masu riƙe da su kawai. Ni ma ina da zato, na fi karkata ga karatu da ƙarfi, shi ya sa ba zan taɓa takardun nan ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, rukunan za su yi musanya, da sababbin kalmomi masu tsawo daidai da na yau.